Babi na Shida: Idan Motar Dizal Ta Yawaita Shan Mai, Ƙarfinta Kuma Ya Ragu

Daga cikin koke-koken da masu a-kori-kura mai aiki da man dizal suke kai wa makanikai, babu waɗanda suka kai guda biyu yawa, wato mota ta faye shan mai, kuma ba ta da ƙarfin da aka san ta da shi. Galibin mutane sukan ɗauki waɗannan a matsayin cututtuka biyu dabam, su nemi maganin kowace a wurinta, alhali kuwa wanda ya yi nazari da idon basira zai tarar sau da yawa tushensu ɗaya ne. Domin man da ya shiga inji bai ƙone sarai ba, shi ne dai ƙarfin da direba ya nema ya rasa, kuma rashin ƙarfin nan shi ke sa ya ƙara taka totur, mai ya ƙara zuba a banza. Manufar wannan babi ita ce a koya wa mai mota bin mas'alar bisa tartibi, daga abu mai sauƙi da araha zuwa mai wuya da tsada, don kada a kai ga sauke inji ko kwance famfon mai saboda laifin da matatar iska ta yi.

Asalin aikin injin

Wajibi ne mu fara tuna yadda injin yake aiki, don wanda bai san lafiya ba ba zai gane cuta ba. Injin da Rudolf Diesel, mutumin Jamus, ya kammala a birnin Augsburg a shekarar 1897, ya saɓa wa injin fetur a kan abu guda mai girma: ba shi da fulogin da ke ƙyasta wuta. Iska zalla yake zuƙa, fistin ya matse ta har ta koma kamar kashi ɗaya cikin 15 zuwa 22 na girmanta, matsin nan ya sa zafinta ya haura digiri 500, sa'an nan nozul ya fesa mai a cikinta ya kama da kansa. Bisa ga haka, sharuɗɗan ƙarfi guda huɗu ne: isasshiyar iska mai tsabta, mai mai kyau wanda aka fesa shi laushi kamar hazo, matsi da zafi cikakku, da kuma dacewar lokacin feshin. Kowace lita ɗaya ta dizal tana bukatar iskar da ba ta kasa lita 10,000 ba kafin ta ƙone sarai, kuma a aikace injin yakan zuƙi fiye da haka nesa. Duk wanda ya riƙe wannan adadi a ransa ba zai ƙara raina sha'anin iska ba.

Awo kafin hukunci

Ba a yanke hukunci da zato, saboda haka matakin farko shi ne a tabbatar cewa motar ta ƙara shan mai da gaske, domin sau da yawa tsadar mai ce ta ƙaru, aljihu ya ji a jikinsa, aka ɗora wa inji laifi. Allurar da ke nuna yawan mai a gaban direba ba shaida ba ce da za a dogara da ita. Hanyar yaƙini ita ce a cika tanki har baki, a rubuta lambar kilomita, a yi tafiyar da aka saba da lodin da aka saba, a koma a sake cika shi har baki, sa'an nan a raba kilomitocin da aka yi da litocin da aka zuba. Alal misali, wanda ya je Kaduna daga Kano ya dawo, tafiyar kimanin kilomita 460, tanki kuma ya ci lita 46, to motarsa tana yin kilomita 10 da kowace lita, wanda yake daidai gwargwado ne ga irin su Toyota Hilux mai dizal a kan kwalta. Idan aka maimaita awon sau biyu ko uku aka ga ta sauko zuwa 7 ko 6, hujja ta tabbata, sai a shiga bincike.

A nan ma akwai abin lura. Wanda ya sa wa motarsa tayoyin da suka fi na asali girma, ma'aunin kilomita zai riƙa ƙirga ƙasa da tafiyar da aka yi, lissafi ya fito da kuskure. Haka nan ya kamata a duba ƙarƙashin mota da safe ko akwai ɗigo, a sansana warin mai a kewayen tanki da bututai, kuma idan motar a hannun wani take, a tabbatar man da aka biya kuɗinsa cikin tanki ya shiga, ba tare da an munana wa kowa zato ba sai da bayyina.

Abin da ke cinye ƙarfi a wajen inji

Yana yiwuwa inji ya zama lafiya lau, amma ƙarfinsa ya salwanta a hanya kafin ya isa ƙasa, kuma binciken wannan ba ya cin ko kwabo. A fara da iskar taya, a auna ta da safe kafin tayoyi su yi zafi, a daidaita ta da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, domin taya mai ƙarancin iska tana jan mota baya dare da rana. A bi da birki: bayan tafiya mai ɗan nisa wadda ba a yawaita taka shi ba, a kusantar da hannu ga kowace ƙafa, wadda ta fi 'yan'uwanta zafi ita ce birkinta yake kamawa, kuma idan aka ɗaga ta da jak za a ga ba ta juyawa da sauƙi. Sai kuloci: a sa babbar giya ana tafiya sannu, a taka totur sosai, idan inji ya yi ruri amma gudu bai ƙaru daidai da rurin ba, kuloci ne yake zamewa, kuma babu gyaran famfon da zai yi maganinsa. A ƙarshe a tabbatar ba a bar motar cikin giyar jan ƙafa huɗu a kan kwalta ba, domin giyar nan don yashi da taɓo aka yi ta.

Shaidar hayaƙi

Idan waɗannan duka suka kuɓuta, sai a koma ga inji, kuma shaida na farko da za a saurara shi ne hayaƙin salansa, wanda launinsa yake faɗin inda illa take. Baƙin hayaƙi yana nuna mai ya rinjayi iska, ko dai don iska ta gaza ko don mai ya wuce kima ko feshinsa ya ɓaci. Shuɗin hayaƙi alama ce ta baƙin mai yana ƙonewa, ta hanyar ringin da ya cinye ko turbo mai yoyo. Farin hayaƙi kuwa iri biyu ne: wanda yake da warin ɗanyen dizal yana yaji a ido, wannan man da bai kama wuta ba ne saboda ƙarancin matsi ko jinkirin feshi, wanda kuma yake kamar tururi, ruwan lagireto yana raguwa, wannan ruwa ne yake shiga silinda, kuma abu ne da ba ya son jinkiri. Akwai hali na huɗu da mutane kan manta: idan mota ba ta da ƙarfi kuma babu hayaƙi ko kaɗan, galibi mai ne ba ya isa, sai a nufi matatar mai kai tsaye.

Hanyar iska

A ƙasashenmu, inda hunturu yake kwaso ƙura daga Hamada tun daga Nuwamba har zuwa Maris, inda kuma a-kori-kura take wuni a hanyoyin burji tsakanin ƙauyuka da kasuwanni, matatar iska ita ce abin tuhuma na farko. Adadin kilomitocin da kamfani ya ƙayyade don canza ta bai dace da mai bin hanyar Damagaram zuwa Agadas ba, kuma su kansu littattafan motocin sun umarci a gajarta wa'adin a wuri mai ƙura. A ciro ta a ɗaga ta ga hasken rana. Idan haske ba ya ratsa ta, ta gama aiki. Ba a wanke matatar takarda da ruwa ko da fetur, ba a bugunta da dutse, kuma idan za a hura ta, daga ciki zuwa waje ake hurawa da iska mai sauƙi, domin ƙaramar huda ta isa ta shigar da ƙurar da za ta goge ringi da bangon silinda. Mafi munin abu shi ne a cire ta ɗungum don mota ta sami numfashi, wanda riba ce ta mako guda da hasarar inji sukutum.

Injunan da ba su da turbo, irin su 3L da 5L na tsohuwar Hilux, ko 1HZ mai silinda shida na Land Cruiser, suna rasa kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsu a kowace mita 100 ta hawa, saboda iska tana ƙara ƙaranci a bisa. Don haka motar da ta yi nauyi ta yi ɗan baƙin hayaƙi a Hawan Kibo ko a bisa tsaunin Jos, wanda ya kai mita 1,200, ba lalle ne ta lalace ba. Ɗabi'arta ce, maganinta kuwa a sauko giya, a daina danne totur.

Masu turbo kuma, irin su 2KD da 1KD, da 2GD da 1GD da suka gaje su daga shekarar 2015, suna da wasu ƙofofin ɓarna. Turbo fanka ce da hayaƙin salansa yake juyawa fiye da sau 100,000 a minti don ta cusa iska cikin inji, iskar kuma tana bi ta robobi masu kauri da wani ɗan lagireton sanyaya ta. Idan roba ta tsage ko maɗaurinta ya saki, iskar da aka matsa sai ta tsere, a ji fito ko huci lokacin taka totur, a ga danshin baƙin mai a wurin tsagar, baƙin hayaƙi ya biyo baya. Kuma an sha sayen sabuwar turbo saboda robar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma bawul ɗin da ake kira EGR, wanda yake mayar da wani sashe na hayaƙi cikin inji don rage gubar da ke fita. Yau da gobe kunkunniya takan haɗu da tururin baƙin mai ta cushe shi da bututun shigar iska, har ya maƙale a buɗe, mota ta yi sanyi tun daga tashi. Wanke shi da wanke na'urorin da ke auna iska aiki ne na yini guda. Kada kuma a manta da mafita, domin salansar da ta lotse ko ta toshe tana shaƙe inji kamar yadda toshewar mashiga take yi.

Hanyar mai

Matatar mai ita ce ƙofa ta biyu, kuma alamar toshewarta sananniya ce: mota tana tafiya lafiya a fili, amma da zarar ta fuskanci hawa ko ta ɗauki lodi sai ta riƙa shiƙa tana ja da baya. A gindin matatar akwai wurin da ruwa yake taruwa, tunda ya fi dizal nauyi, da kuma ɗan makunni na zubar da shi, da fitilar gargaɗi a gaban direba. Wanda ya ga fitilar nan ya ci gaba da tafiya ya sayi hasara da hannunsa. A samanta kuma akwai ɗan famfon hannu: idan aka danna shi ya ƙi yin tauri, iska ce take kutsawa ta wata tsagaggiyar roba, kuma iska a cikin mai tana kawo wahalar tashi da raunin inji. Mai son yaƙini sai ya sa bututu mai haske a hanyar man ya ga ko kumfa tana wucewa.

Ingancin man kansa mas'ala ce babba. Dizal ba makamashi kaɗai ba ne, shi ne kuma yake shafe cikin famfo da nozul don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Kalanzir ba shi da wannan santsi, saboda haka man da aka yi wa algus da shi yana rage ƙarfi a yau, yana cinye famfo a gobe. Ruwa kuwa tsatsa yake haifarwa a wuraren da gibinsu bai kai kaurin gashi ba. Wanda larura ta sa ya sayi man jarka a bakin hanya, ya zuba kaɗan a kwalba mai haske ya bar shi ya kwanta, zai ga ruwa da laka sun taru a ƙasa idan akwai su. Masu sayarwa kuma su tuna algus haramun ne, kuma cutar da yake jawo wa mai mota ta ninka ribar da suka samu sau da yawa.

Sai bayan an gama da waɗannan ne ya halatta a taɓa nozul da famfo. A tsofaffin injuna masu famfon da ba ya bukatar kwamfuta, irin wanda kamfanin Bosch ya fara ƙerawa da yawa a shekarar 1927, ana ciro nozul a ɗora shi a na'urar gwaji, a ga matsin da yake buɗewa da siffar feshinsa. Wanda yake ɗiga ko yake tsartuwa maimakon feshi, shi ne mai kawo baƙin hayaƙi da ƙwanƙwasa. Ana kuma duba saitin lokacin famfo, musamman idan matsalar ta fara ne bayan canza bel ɗin tayimin, domin kuskuren haƙori guda ya isa ya kashe ƙarfin mota. Akwai wata al'ada da ya kamata a yi hani da ita, wato juya kusar famfo don a ƙara wa mota mai idan ta yi rauni, ba tare da an san sababin raunin ba. Abin da wannan yake haifarwa shi ne ƙarin hayaƙi, da ƙarin zafi a kan fistin, da ƙarin kashe kuɗi a gidan mai.

Sababbin injuna kuwa, waɗanda tsarinsu ya bazu tun daga ƙarshen shekarun 1990, suna tara mai a bututu guda da matsin da ya ninka na iskar taya sau 600 ko fiye, kwamfuta ce kuma take buɗe kowane nozul. Irin waɗannan ba a gyara su da kunne da zato. Ana haɗa musu na'urar bincike ta karanto lambobin laifi: P0087 tana nufin matsin mai ya yi ƙasa, P0299 tana nufin iskar turbo ta gaza, P0401 kuma tana nuni ga hanyar EGR. Amma lambar alama ce kawai ta inda za a duba. P0087 tana iya fitowa saboda matatar da ta toshe, ko bawul ɗin da ke ƙayyade man da famfo yake zuƙa, ko nozul mai mayar da mai da yawa zuwa tanki, wanda ake ganewa ta hanyar auna abin da kowanne yake mayarwa a kwalabe. Sau da yawa kuma kwamfutar ce da kanta take rage ƙarfin mota don ta kare inji idan ta ga abin da bai gamshe ta ba. Idan an canza nozul, wajibi ne a shigar wa kwamfuta lambar da ke jikinsa, a kuma sa sabuwar wasar tagulla a gindinsa. Gargaɗi mai muhimmanci: kada kowa ya lalubi yoyon wannan bututu da hannu inji yana aiki, domin man yana iya huda fata ya shiga nama.

Zafi da matsi

Al'ada ce da ta yaɗu a garejinmu a cire tamostat da hujjar cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi, alhali aikinsa shi ne ya tsare inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, wato tsakanin digiri 80 da 90. Injin da aka cire masa shi yakan daɗe cikin sanyi, musamman da asubahin hunturu, mai ba ya ƙonewa sarai, kunkunniya tana taruwa, ringi yana saurin cinyewa. Idan mota tana zafi, a nemi dalili a lagireto da fanka da famfon ruwa.

Matsi shi ne abin bincike na ƙarshe, domin gyaransa ya fi kowanne tsada. Alamomin ƙarancinsa su ne wahalar tashi da safe ko da hitar ɗumama silinda lafiya take, da shan baƙin mai, da hayaƙi mai ƙarfi yana bugowa idan aka buɗe murfin zuba baƙin mai. Kafin a ce ringi ya mutu, a daidaita gibin bawul, domin bawul ɗin da ba ya rufewa sosai yana zubar da matsi. Sa'an nan a auna matsin kowace silinda da ma'auni, a kwatanta da abin da littafin injin ya faɗa. Makanikin da ya ce a sauke inji, haƙƙin mai mota ne ya nemi a nuna masa wannan awo, kuma makaniki mai amana ba zai ji haushin tambayar ba.

Hannun direba

Bayan duk wannan, akwai kason da yake hannun direba shi kaɗai. Turjiyar iska tana ƙaruwa ninki huɗu idan gudu ya ninka sau biyu, shi ya sa motar da take gudun kilomita 120 a awa take shan mai fiye da mai gudun 90 da tazara bayyananniya, balle idan an tula kaya sun haura rufi. A-kori-kura irin Hilux an yi ta ne don kimanin tan ɗaya, wato buhu goma na masara mai kilo 100. Wanda ya ɗora mata ashirin daga kasuwar Dawanau ba shi da hujjar kuka da inji. Haka nan barin inji yana aiki a tsaye awa da awa a tasha israfi ne, minti ɗaya ko biyu bayan doguwar tafiya sun isa turbo ta huce.

Saboda haka, ya kai mai karatu, ka tanadi ɗan littafi a cikin motarka, ka riƙa rubuta kowace litar da ka zuba da kowace matatar da ka canza da ranarta, domin shi ne zai fara sanar da kai ɓarna tun tana ƙarama. Idan ta auku, ka bi tartibin nan ba tsallake: awo, sai taya da birki da kuloci, sai hayaƙi, sai iska, sai mai, sai nozul da famfo, matsi kuma a ƙarshe; ka canza abu ɗaya a lokaci guda, ka sake awo kafin ka wuce gaba. Kada ka yarda a kwance famfo ko a sauke inji sai an nuna maka dalili da ma'auni.